Kafin a saida akuya: abin da ya kamata a sani game da maganin jenerik

Da damina ta kankama, hanyar likita ba ta rabuwa da mutane. Daga Urafan da Maijirgi, daga Kanan Bakashe da Isawan, za ka ga amalanke ɗauke da yaro mai masassara, uwa na yi masa fifita da gefen zane. A auna shi, a rubuta takardar magani. In an yi sa'a, maganin yana nan cikin CSI. In ba a yi ba, sai a ce a tafi Tasawa ko Mayahi a saya a farmasi. To a nan ne maigida ke tsayawa gaban kanta da takarda a hannu, a faɗa masa kuɗi, ya yi shiru. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba. Abin da ke biyo baya duk mun san shi: ko a kai akuya kasuwa, ko a buga waya ga yaro da ke Kano ko Libiya, ko kuma a ce ma mai farmasi, "Ba ni rabi, in Allah ya hore na dawo." Sau da yawa ba a dawowa.

Akwai tambaya guda da mutane kaɗan ke yi a wurin nan, alhali tana iya rage kuɗin sosai: "Akwai jenerik ɗinsa?" Kalmar ana jin ta a bakin ma'aikatan lafiya kullum, amma a ƙauye da yawa sun ɗauke ta da ma'anar maganin talaka, wanda aka rage ma ƙarfi. Wasu kuma sun haɗa ta da maganin da ake kasawa a tire ranar kasuwa. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne da ke cin kuɗi, wani sa'in ma ya ci rai.

Kowane magani yana da suna biyu

Ɗauko kwalin magani duk wanda ke cikin ɗakinka ka duba. Akwai suna babba, mai launi, wanda ido ke fara faɗawa a kai. Wannan kamfani ne ya raɗa shi, don kasuwarsa. Ƙarƙashinsa akwai wani suna da ƙananan baƙaƙe, tare da lamba. Wannan ne sunan sinadarin da ke yin aikin a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ke tsara irin waɗannan sunaye tun 1953, domin likitan Tasawa da na Makka da na Abijan su fahimci juna. Ma'aikatanmu na lafiya suna ce masa DCI.

Doliprane, Efferalgan, Dafalgan da Panadol sunaye huɗu ne, amma abin da ke ciki ɗaya ne: parasetamol. Clamoxyl amoksisilin ne. Flagyl metronidazol ne. Bactrim shi ne kotrimoksazol ɗin da ake bayarwa a CSI. Glucophage na masu ciwon suga metformin ne, Amlor na masu hawan jini amlodipin ne, Zentel na tsutsar ciki albendazol ne. Maganin da ake saidawa da sunan kamfanin da ya fara ƙirƙiro shi, shi ake kira sipesiyalite. Wanda wani kamfani ya yi daga baya, da sinadari iri ɗaya, ƙarfi iri ɗaya, hanyar sha iri ɗaya, shi ne jenerik.

Manomi ya fi kowa gane wannan. In ka je sayen takin zamani, ba hoton da ke jikin buhu kake dubawa ba, lambar kake nema: 15-15-15 ne ko ure? Buhu fari ko shuɗi, zanen zaki ko na masara, gero bai san da wannan ba. Abin da ke ciki yake ci. Hanjin mutum ma haka yake, ba ya karanta kwali.

To mi ya sa kuɗin ya bambanta haka?

Kamfanin da ya gano sabon magani yana kashe kuɗi masu yawa da shekaru masu yawa a bincike da gwaji. Don ya maida kuɗinsa, doka ta ba shi takardar mallaka ta shekara 20: a wannan tsakanin ba wanda zai yi irin maganin sai da izininsa, shi kaɗai ke yanka farashi. Da wa'adin ya cika, ƙofa ta buɗe ga kowa. Sauran kamfanoni ba sa bukatar sake binciken daga farko. Abin da ake nema daga gare su shi ne su nuna cewa ma'aikatarsu ta cika sharuɗɗan aiki, kuma ƙwayarsu tana narkewa ta shiga jini gwargwadon yadda ta asali ke shiga, cikin lokaci makamancin nata. Da masu yin magani sun yi yawa, farashi sai ya faɗi.

Abin lura shi ne, mafi yawan magungunan da muke sha a nan tsofaffi ne. Metformin ana amfani da shi a Faransa tun ƙarshen shekarun 1950. Amoksisilin ya shiga kasuwa a 1972. Takardun mallakarsu sun ƙare tun kafin a haifi yawancin masu sauraronmu. Wanda ya biya kuɗi ninki-ninki yau don ya samu sunan kamfani a kan parasetamol, ba kuɗin bincike ya biya ba. Kuɗin kwali ya biya, da talla, da albashin wakilan kamfani masu zagaya asibitoci da jaka suna tallar hajarsu ga masu rubuta magani, da kuma ribar suna.

Jenerik na CSI kuwa sau da yawa a babban gwangwani yake zuwa, mai ƙwaya 1,000, ko a falle-falle ba kwali. A ƙirga maka a ƴar leda, a ja layi biyu ko uku a jiki alamar sau nawa za ka sha. Wannan ledar ita ce ta ja masa raini. Amma rashin kwalin yana cikin abin da ya sa ya yi sauƙi.

A rahotonta na 2010, OMS ta kawo wani bincike da aka yi kan magunguna 18 a ƙasashe 17, wanda ya nuna cewa in marasa lafiya suka koma jenerik, kuɗin da suke kashewa zai ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Mu ɗauka a misali takardarka ta kama jikka goma. Ragin irin wannan yana nufin jikka shida ta tsaya a aljihunka. A watan Agusta, kowa ya san tiya nawa ta hatsi ke nan.

Ba baƙon abu ba ne a Nijar

Ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, an kafa shi a 1962, kuma shi ne ya daɗe yana shigo da magani yana rarrabawa ta farmasin gwamnati da ake kira farmasi fofiler. A 1977 OMS ta fitar da jerin farko na magungunan da ba a iya yi sai da su, kimanin 200, da sunayensu na asali. Shekara goma bayan haka, a 1987, ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako tare da OMS da UNICEF, suka amince da tsarin da har yau muke kai: a zuba jenerik a ƙananan asibitoci, mara lafiya ya biya ɗan abin da zai iya, kwamitin gari ya riƙe kuɗin a sake sayo wani. A Nijar an fara gwada shi a Boboye da Say a 1993, aka yi masa doka a 1995. Kwamitin COGES da ke kowace CSI daga nan ya samo asali.

Abin da ya tura kowa kan hanyar da ƙarfi shi ne karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994. Dare ɗaya faran ɗin Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Dattawa suna tune da yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, kuma magani na cikinsu, tunda kusan duka daga Faransa ake kawo shi a lokacin. Ƙasashen da ke amfani da sefa ba su da mafita sai jenerik.

Yau ma, duba da kyau. Maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a watannin damina, wanda aka fara a Nijar a 2013, jenerik ne. Ƙwayar ƙarin jini ta mata masu ciki, maganin tarin fuka, gishirin zawo da zink, duk haka. Maganin Sida kuwa shi ne babban misali a duniya: a shekarar 2000 na mutum guda a shekara yana kaiwa dalar Amurka 10,000 ko fiye. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar da irinsa kan dala 350. Ba don wannan ba, da ba a yi maganar ba da shi kyauta a asibitin Tasawa ko na Mayahi ba. Ke nan wanda ke cewa bai yarda da jenerik ba, in ya bincika, ƴaƴansa sun daɗe suna sha, kuma suna warkewa.

Sai dai a faɗi gaskiya, tsarin yana da rauni, kuma rauninsa shi ne yankewar magani. Tun da aka shigo da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta a 2006, CSI na yin aikin ta jira gwamnati ta biya ta. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun rubuta yadda jinkirin biyan ya riƙa busar da asusun asibitoci har su kasa sayo magani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, rufe iyakoki ya tare hanyar Kotonu, magunguna da yawa suka yi wuya a ƙasa. Duk ranar da majo ya ce "babu, a je a saya," ranar ce tambayar nan ta jenerik ke da amfani, domin a farmasin kuɗi ne ake samun iri biyun a jere.

"Araha ba ta ado"

Wannan ita ce amsar da za ka ji a majalisa, kuma kada a yi saurin raina ta. Mutane sun sha sayen ƙwaya mai araha su sha ba su ga komai ba. Tsoronsu yana da tushe. A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, magani 1 cikin 10 ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba. Kudancin Tasawa kuwa ba shi da nisa da iyaka, kuma kaya na shigowa a bayan babur ba tare da wani ya duba su ba.

Amma abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Jenerik magani ne da hukuma ta san da shi, ta yi masa rajista, ya shigo ta ƙofa. Jabu kuwa na ɓarawo ne. Kuma ɓarawo ba wawa ba ne: in zai kwaikwayi kwali, wanda ya fi tsada yake kwaikwaya, don a nan riba take. Ƙasar nan ta ga haka da idonta. A annobar sanƙarau ta 1995, an yi ma mutane fiye da 50,000 allurar rigakafin da ta zo a matsayin gudummawa daga Najeriya, masu bayarwar suna zaton mai kyau ce. Kwalaben na ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai, amma babu sinadarin rigakafi a ciki. OMS ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari. A 2015 ma, da sanƙarau ya sake ɓarkewa, OMS ta yi gargaɗi kan jabun allurar Mencevax da aka samu a Nijar. Babban suna a jikin kwalba bai tsare kowa ba.

Haka kuma ba za mu ce duk abin da aka rubuta ma sunan asali yana da kyau ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan sun sha wasu siro na tari da mura da wani kamfanin Indiya ya yi, waɗanda aka samu guba a cikinsu. Ba a gwada su ba kafin su shiga kasuwa. Indiya ɗin nan dai ita ke yin maganin Sida da na masassara masu inganci da duniya ke saye. Akwai ma'aikatu na ƙwarai, akwai na banza, kamar ko'ina. Shi ya sa tun 2001 OMS ke aika masu bincike su duba ma'aikatu kafin ta sa maganinsu cikin jerin waɗanda manyan masu ba da agaji ke saye, kuma shi ya sa Nijar ke da ɗakin gwajin LANSPEX a Yamai.

Kai da ke Gidan Amumun ko Korgom ba ka da ɗakin gwaji. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen ƙofar da za ka shiga: CSI, kaz da sante, asibitin gunduma, farmasi, ko defon magani mai izini. Ba a ce waɗannan ba su taɓa kuskure ba, amma kayansu na da takarda, an san inda suka fito, in matsala ta tashi akwai wanda za a tambaya. Mai tire da mai kwando a ka fa? Ko da maganinsa na gaskiya ne a ranar da ya saro shi, yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Zafin watan Afrilu da Mayu a nan yana wuce 40 a inuwa, shi kuwa a rana yake yini da su, kasuwa bayan kasuwa. Kuma shi ne zai yanka maka kafso biyu na amoksisilin ya ce sun isa. Ba su isa ba. Irin wannan shan ne ke koya ma ƙwayar cuta jure magani, har ranar da za a bukace shi da gaske ya ƙi ci. A tiren nan ne kuma Tramol mai lamba 225 ke zaune, wanda ba likitan da ke rubuta shi, kuma mun ga abin da ya yi ma samarinmu. Wannan zance ne na wata rana.

Akwai wani rukuni da ke rikita mutane: jenerik da aka raɗa ma suna. Maganin masassara na yanzu, wanda ya maye gurbin nibakin tun 2005, haɗin artemeter da lumefantirin ne. Na asali shi ne Coartem na kamfanin Novartis. Amma za ka ga Artefan, Lumartem, Lonart da wasu da dama, kowane da kwalinsa mai ƙyalli. Duk jenerik ne, sinadarin ɗaya ne, farashinsu ne ke hawa da sauka. Sau nawa mutum zai ce, "Na sha wancan bai yi mani ba, wannan ne ke karɓa ta," alhali abu guda ya sha sau biyu?

In maganin masassara bai yi aiki ba, kafin a zargi kamfani a duba abu uku. Na farko, an yi gwajin jini kuwa? Ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Na biyu, an cika adadin? Maganin nan kwana 3 ake sha, safe da dare, sau 6 ke nan, kuma yawan ƙwaya da nauyin mutum yake tafiya: mai lamba 20/120, ƙaramin yaro ƙwaya 6 gaba ɗaya, na gaba da shi 12, sai 18, babba 24. Mai lamba 80/480 kuwa ƙwaya 6 ce ta babba, kowace ɗaya ta tsaya a madadin huɗu, don haka ba ta yaro ba ce. Na uku, da mi aka sha? Lumefantirin ya fi shiga jini in akwai maiƙo a ciki. A ba shi da nono, ko fura da nono, ko abinci mai ɗan mai. Jariri a ba shi mama. In yaro ya amayar nan take, a koma a faɗa ma ma'aikacin lafiya.

Inda ake taka-tsantsan

Ba a ko'ina ake canza magani kai tsaye ba. Akwai waɗanda tazarar da ke tsakanin "ya yi kaɗan" da "ya yi yawa" ƴar ƙarama ce: maganin farfaɗiya, na maƙoƙo, da na hana daskarewar jini. Mai shan irin waɗannan, in jikinsa ya daidaita a kan na kamfani guda, jenerik ne ko sipesiyalite, ya yi ƙoƙari ya tsaya a kansa. In dole ta sa a canza, likitansa ya sani.

Sannan sinadarin aiki ɗaya ne, amma abin da aka haɗa ƙwayar da shi, kamar gari, suga da launi, yana iya bambanta. Yawancin mutane ba ruwansu da wannan. Wani kuwa yana iya yin ƙaiƙayi ko ƙuraje, to sai ya daina ya koma likita da ledar a hannu. A nan ma ba kullum mai tsada ke da gaskiya ba. Parasetamol ɗin nan da ake jefawa a ruwa yana tafasa, wanda mutane ke gani kamar shi ne sarkin magani, yana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa. Tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya, farar ƙwayar CSI ta fi masa.

Haɗarin da ya fi yawa, kuma wanda ba a cika magana a kai ba, shi ne shan abu ɗaya sau biyu. Tsohuwa na shan parasetamol na likita, ɗanta ya aiko mata da Doliprane, maƙwabciya ta kawo maganin mura wanda shi ma akwai parasetamol a ciki. Tana ganin magani uku take sha, ashe ɗaya ne ninki uku. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu lamba 500, kuma ga tsoho ko mara nauyi ƙasa da haka ne. In aka zarce, hanta ke lalacewa. Haka mai hawan jini: wata guda a ba shi fara, wata mai zuwa a ba shi rawaya ta wani kamfani, sai ya zaci ƙari aka yi masa, ya haɗa da ragowar ta gida ya riƙa shan biyu. Jiri ya kwashe shi a gona. Duk lokacin da launi ko siffar ƙwayarka ta canza, tambaya tun a gaban kanta: "Wanga madadin wancan ne, ko ƙari ne?"

Siron yara ma a kula da lambarsa. Amoksisilin akwai mai 125 a cokalin mililita 5, akwai mai 250. Suna ɗaya, ƙarfin ninki biyu.

Ga ƴan uwa da ke nesa

Ku da ke karanta wannan daga Kano, Legas, Abijan, Tamanrasat, Sabha, Jidda ko Turai, mun san waya ba ta yi muku daɗi in aka ce wani ba lafiya a gida. Kuma mun san abin da bakinku ke fara faɗi: "A saya mata mai tsada, ni zan biya." Niyyar mai kyau ce. Amma ciwon suga da hawan jini ba na mako guda ba ne, na tsawon rai ne. Abin da ke kashe masu su shi ne yankewa: a sha wata biyu, aiki ya tsaya maka a can, a zauna wata uku ba magani. Kuɗin da zai sayi na sunan kamfani na ɗan lokaci, in aka sa shi a jenerik zai ja watanni, har a samu na mota zuwa awo. Ga mahaifiyarka, wanda ba ya yankewa shi ne mai kyau.

Waɗanda ke Faransa ai sun sani, tun 1999 mai farmasi a can yana da ikon canza sipesiyalite da jenerik. A Amurka, takardun magani kusan 9 cikin 10 da jenerik ake cika su. Ƙasashen da suka ƙirƙiro sunayen nan da muke girmamawa, su da kansu mai sauƙin suke sha.

In za ku aiko da magani ta hannun matafiyi, ku fara neman a ɗauko muku hoton takardar likita ko na fallen maganin ta WhatsApp, ku saya da sunan asali da lambarsa. Sunan kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Kwalin Aljeriya ko na Saudiyya da Larabci yake, amma galibi sunan asali yana nan da boko a gefe. A Amurka ma parasetamol sunansa asetaminofen, shi ne Tylenol. Na Najeriya a duba lambar NAFDAC, kuma in akwai wurin kankarewa a jikin kwali, a kankare a aika lambar kafin a baro ƙasar. Kada a juye ƙwayoyi a leda don rage kaya, a bar su cikin kwalinsu. Insulin da duk abin da ke bukatar sanyi kuwa, kwana da kwanaki a bayan mota cikin hamada ba zai bar shi da amfani ba. Gara a aiko da kuɗin. Kuma duk abin da ya iso, a kai ma majo ya gani kafin a fara sha.

A gaban kanta

Abin yana farawa tun ɗakin likita. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, don Allah a rubuta mani da sunan asali, ƙarfina kaɗan ne." In ya ce wannan kam ba a canza shi, ka tambayi dalili, zai faɗa maka. In takardar na da magani huɗu ko biyar kuma kuɗinka ba za su kai ba, shi ne zai nuna maka wanda ba a bari da wanda zai iya jira. Kada ka bar wannan zaɓin ga aljihu, domin aljihu yakan ɗauki siron ƙarin kuzari ya bar maganin cutar.

A farmasi ka tambayi jenerik, kuma in akwai iri biyu ko uku, a faɗa maka kuɗin kowane. Kafin ka fita, a duba suna na ƙasa da lambar miligiram su yi daidai da na takarda. A duba ranar lalacewa, wadda ake rubutawa bayan EXP ko PER, wata da shekara. Kwalin da ba shi da sunan ma'aikata da ƙasar da aka yi shi, ko ƙwayar da ta dagargaje, ta canza launi, ta manne da juna, a mayar.

Wanda bai yi boko ba, akwai ɗan lakwal a kusan kowane gida yanzu. A sa shi ya kwafe sunan nan na ƙasa da lambarsa a ƴar takarda, da manyan baƙaƙe, a ninke a sa cikin karnen asibiti. In kuwa babu mai rubutawa, fallen da aka gama shanyewa kada a jefar da shi. Sunan yana bugawa a bayansa, a tafi da shi ranar sayen na gaba.